Ihun Mak Timah

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a mamak ɗin nan, wato gidan shayi da abinci, na unguwar Sri Petaling a nan Malesiya inda 'yan Najeriya ke taruwa, ina shan shayina, sai wasu ɗalibai su uku suka jawo kujeru suka kewaye ni. Ɗaya daga cikinsu Mubarak ne, ɗan wani abokina na Kano, kwamfuta yake karantawa. Ya ga baƙin akwatin fim a kan teburina, ya ɗauka yana jujjuyawa.

"Baba Hamisu, wai har yanzu akwai masu sayen faifai? Kai kuma me ka yi a ciki?"

Na ce sauti na yi.

"Sauti? Haba Baba, ai wannan simple ne lah. Akwai app. Ka rubuta ƙofa, ya ba ka ƙofa ɗari."

Sauran suka kwashe da dariya. Na ce to kowa ya ƙara odar gurasar nan roti, don ba yanzu za ku tashi ba. Abin da na faɗa musu shi nake rubutawa a nan, saboda na lura ba su kaɗai ne masu wannan tunanin ba.

Sana'ata haɗa sauti. Ba kiɗa ba, ba waƙa ba. Abin da kuke ji a fim, in an cire maganar 'yan wasa da kiɗa, ko takun sawu ne, ko ƙarar ƙofa, ko motsin zani, ko kofi da aka dire a tebur, yawancinsa ba a wurin ɗaukar fim aka same shi ba. Wani ne ya shiga ɗaki ya rufe, ya tsaya gaban allo yana kallon hoton, yana yin ƙarar da hannunsa da ƙafarsa daidai da motsin ɗan wasa. Shekara talatin da wani abu ke nan wannan nake yi.

Aikin farko da aka taɓa ba ni tafiyar wata tsohuwa ce. A Kano ne, a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo na rediyo, a hannun ubangidana Malam Ɗanladi, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar za ta taso daga ɗaki ta je bakin randa, taku goma sha biyu. Na saka silifas, na hau farantin yashi, na taka. Malam ya ce, "Wannan tsohuwar taka ƙwallo za ta je bugawa?" Na sake a hankali. Ya ce, "Yanzu kuma ta zama ɓarauniya." Kwana tara ina kan taku goma sha biyun nan. Daga ƙarshe ya tura ni gidan kakata, ya ce in zauna a tsakar gida in rufe ido, kar in dawo sai na ji wace ƙafa ce ke mata ciwo. Ta hagu ce. Tana ɗan jan ta, kuma tana hutawa a taku na uku. Da na dawo na yi masa, bai ce na iya ba, cewa kawai ya yi, "Gobe za ka fara ƙofa." Shekara guda cur ban taɓa makirufo ba, daga tafiya sai ƙofa sai shara. Amma na fito daga hannunsa na san tafiyar mai jego, da ta ɗan sanda, da ta mutumin da ya faɗi zaɓe yana komawa gida.

Zuwana Malesiya ba sana'a ce ta kawo ni ba, rakiya na yi. Maiɗakina Rabi ce ta samu tallafin karatun digiri na uku a jami'ar nan ta Jalan Semarak, na tattaro yara muka biyo ta. Wata shida aikina kai yara makaranta da cefane. Cefanen ne ma ya yi mini rana. Wata safiya a kasuwar Cheras na hangi wani ɗan Sin mai furfura tsaye gaban mai kayan lambu, yana ɗaukar kabeji yana matsawa a jikin kunnensa, ya ajiye ya ɗauki wani. Mai kayan sai zabga masa harara take yi. Kowa mahaukaci yake gani, ni kuwa ɗan'uwa na gani. Na matsa na tambaye shi da Turanci, "Wuƙa kake nema ko ƙashi?" Ya juyo a firgice ya ce ƙashi. Na ce kabeji ba ya ba da ƙashi. Na je wurin mai rake na karɓo guda, na naɗe da tsumma, na karya a gefen kunnensa. Wallahi mutumin nan sai da ya dafe haƙarƙarinsa. Wannan shi ne Ankul Lim. Yana da ƙaramin situdiyo a hawa na biyu, a saman shagon masu gyaran babur. Ku ji fa, situdiyon sauti a saman masu gyaran babur! Shekarunmu na farko sai kanikawan sun tafi makan, wato cin abincin rana, sannan muke ɗaukar abu mai laushi. Shi ya yi mini takardun aiki, shi ya kasa faɗin Hamisu ya mai da ni Ah Su, kuma har yau tare muke.

In kun shiga ɗakin aikina za ku rantse bola ce. Takalma sun fi ƙafa arba'in, na maza da na mata, kuma duk ni nake sakawa. Rabi ta taɓa shigowa ba sallama ta tarar da ni da dogon wando da takalmin mata mai tsini ina rangwaɗa a kan katako, idona a allo. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Malam, in ka gama ana jiranka a gida." Akwai faranta na yashi da tsakuwa da busasshen ganye. Akwai tsohuwar laima, ita ce jemagu: ka buɗe ka rufe da sauri, an tashi daga kogo. Ledar biredi in ka murza ta a hankali wuta ce ke cin gida. Dafaffiyar taliya a cikin kwano ita ce hanji. Kabeji wuƙa ce ta shiga jiki. Kankana kuwa kai ne, kuma bayan an fasa kan sai a zauna a sha. Babu fim ɗin tsoro da na taɓa yi da ban ƙara ƙiba ba.

Wani darakta ya taɓa zuwa da bukata. Ya ce yana son a ji fatalwar fim ɗinsa tana tafiya, amma a ji cewa ba ta da ƙafa. Ankul Lim ya kalle ni, na kalle shi. Kwana biyu ina gwaji. Abin da ya yi a ƙarshe jiƙaƙƙen zani ne na ja a kan tabarma, in ja in tsaya, kuma in bar shirun ya ɗan fi yadda kunne ke tsammani tsawo. Daraktan ya saurara, tsikar jikinsa ta tashi, ya nuna mana hannunsa. Washegari ya aiko mana da durian, 'ya'yan itacen nan mai ƙaya mai wari. Kafin mu ci sai da na ɗauki ƙarar tsage shi, ta yi mini aikin buɗe kabari a fim biyu.

Amma sarauniyar ɗakin ƙofa ce. Na tsince ta a wani tsohon gida da ake rushewa, katako mai nauyi da maratayi mai tsatsa. Murya uku gare ta. In ka tura ta a hankali, jariri ne ke kuka a nesa. In ka fizge ta, akuya ce aka taka. In ka danna ta ƙasa kana turawa, tsoho ne ke nishi. Ta fito a fina-finan da suka fi na wasu jarumai yawa. To app ɗinku zai ba ku ƙofa ɗari, ban musa ba. Amma bai san wace ce ke buɗe ƙofar ba, ko tsoro take ji ko fushi take yi, ko tana so a ji ta ko tana saɗaɗawa.

Shekarar kullen korona ita ce muguwar shekararmu. Aka daina ɗaukar fim gaba ɗaya. Ankul Lim ya sayar da rabin na'urorinmu. Ni da Rabi muka koma suyar masa da miyar taushe, ɗalibai na yin oda muna ɗaure musu tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka. Da aka buɗe gari kuma, da yawa cikin masu kawo mana aiki sun saba da app ɗin naku, ba su dawo ba. Duk wannan na jure. Abin da ya kusa kai ni ƙasa shi ne ranar da na koma situdiyo na tura ƙofata, na ji shiru. Na sake turawa, shiru, sumul kamar ƙofar banki. Ashe mai kula da ginin ne, bawan Allah, zaman banza ya ishe shi, ya ɗauki gwangwanin mai ya bi ƙofofin ginin ɗaya bayan ɗaya. Har yana jira in gode masa! Wata huɗu ina yi mata wanka da ruwan gishiri ina shanya ta a baranda kafin murya biyu su dawo. Akuyar har yau ba ta dawo ba.

Ana cikin haka aikin wannan baƙin akwatin ya zo. Tsohon fim ne na tsoro, na harshen Malay, ya haura shekara hamsin. Labarin wata malamar asibiti ce da aka ɗauka jinyar wani tsoho a gidan katako a tsakiyar gonar roba. Kullum tana jin ana tafiya a saman rufi, alhali ba kowa a can. A ƙarshe ta hau, ta tarar da wani akwati, ta buɗe. Ba a nuna abin da ke ciki. Fuskarta kawai ake nunawa, bakinta a buɗe, tana ihu na daƙiƙa tara, fim ya ƙare. Wannan ihun shi ne fim ɗin. Waɗanda suka gan shi a silima suna yara har yau in ka ambace shi sai su yi dariyar yaƙe. Da aka zo nuna shi a talabijin daga baya, masu tace fina-finai suka yanke wurin, don haka duk kaset ɗin da ke hannun mutane babu shi. Kamfanin da ke da fim ɗin ya shirya fitar da shi na musamman don kallo a gida: hoto a wanke, faifai biyu, ɗan littafi, hira da waɗanda suka rage a raye, kuma a karon farko ƙarshen a cike. Wasu suka ɗauki gyaran hoto, mu aka ba mu sauti. Ankul Lim ya ce mini, "Ah Su, in wannan bai karɓu ba, na rufe. Mai wankin kaya na son wurin nan."

Aka kawo tef ɗin a gwangwanaye, manya kamar farantin tuwo. Muna buɗe na farko wani wari mai tsami ya bugi hancinmu, kamar an manta da koko kwana uku. Tef in ya tsufa haka yake ruɓewa. Muka lallaɓa shi da safar hannu, muka kwashe abin da zai kwasu zuwa kwamfuta. Maganganun sun tsira. Inda takun sawu da ƙofofi suka lalace na sake su, da takalma irin na wancan zamanin, na dusashe su don kar su fi sauran sheƙi. Sai muka zo gwangwani na ƙarshe. Shi ya fi ruɓewa. Daga ihun nan na daƙiƙa tara, abin da ya rage daƙiƙa ɗaya ce ta farko da 'yar wutsiyarsa ta ƙarshe. Tsakiyar ta zama gari. Jarumar kuma ta daɗe da rasuwa.

Ankul Lim yana ɗan shekara goma ya kalli fim ɗin a silima, ya ce a guje ya fita ya bar takalminsa ɗaya. Don haka shi ne alƙali. Na fara da app ɗinku, Mubarak, kar ka ce ban gwada ba. Ihu ɗari uku na saurara. Ya ce, "A'a." Muka kira 'yan wasa mata goma sha huɗu, ɗaya bayan ɗaya suka shiga ɗaki suka yi ta kurma ihu, har kanikawan ƙasa suka hauro da sifana a hannu. Ya ce, "A'a." Na haɗa kukan mage da butar shayi da muryar mace. Ya ce, "Wannan mage ce da buta." Ni kaina na san bai yi ba. Daƙiƙar farkon nan da ta tsira ba irin ihun tsoro ba ce da na sani. Mai tsoro maƙogwaronsa matsewa yake yi. Wannan kuwa a buɗe yake, daga ciki yake tasowa, yana hawa kamar mai kiran wani a nesa. Sati uku ya rage a tura aiki wurin buga faifai, ba mu da komai.

Abin da ya cece mu ɗabi'a ce da Malam Ɗanladi ya dasa mini: kar ka taɓa kashe tef sai ya kai ƙarshe. An ba ni hirarrakin da za a saka a faifai na biyu in share musu hayaniya. Akwai ta wani tsoho da ya yi aikin fitilu a fim ɗin. An gama hira, mai tambaya ya yi godiya, ana naɗe waya, amma makirufo na kunne. Sai na ji tsohon yana gunaguni shi kaɗai: "Kowa jaruma, jaruma. Ita da muryarta ta dishe ranar. Timah ce ta yi, yarinyar kantin abinci." Na mayar na sake ji. Na sake. Na fito da gudu da waya a wuya, na kusa jawo kwamfutar ƙasa, ina kiran Ankul Lim.

Muka kira tsohon. Ya ce ƙwarai, Timah mai dafa musu shayi, tana nan da ranta, tana sayar da nasi lemak, wato shinkafar kwakwa, da safe a ƙasan wasu benaye a Cheras. Tasha biyu a jirgin ƙasa daga situdiyonmu! Shekara goma sha wani abu ina neman sauti a garin nan, ashe tana bayan gida.

Washegari da sassafe muka je. Wata 'yar tsohuwa muka tarar, gajeriya, da ɗankwali ruwan goro, tana zuba shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, layi har bakin titi. Kowa Mak Timah yake ce mata, wato Inna Timah. Ankul Lim ya fara bayani, ta ɗaga ludayi ta ce, "In magana ce sai na sallami mutane. Kai dogo, wanke hannu ka zo ka naɗe." Awa ɗaya da rabi ina naɗe shinkafa. Da tukunya ta ƙare ta zauna, ta tambayi sunana, ta mai da shi Cik Misu, wato Malam Misu. Na saka mata abin ji a kunne, na kunna mata daƙiƙar nan ɗaya.

Ta saurara. Sannan ta fashe da dariya har tana buga cinya.

"Ni ce! Ya Allah, ni ce. Ina 'yar sha bakwai. Kwano biyu na taliya aka ba ni lada."

"Mak, kin taɓa ganin fim ɗin?"

"Ina fa! Aka ce na tsoro ne. Ni ba na son abin tsoro."

Na tambaye ta ko za ta iya sakewa. Ta ce, "Boleh," wato za ta iya, kamar na ce ta ƙara mini yaji.

Muka kawo ta situdiyo, muka saka ta a ɗakin ɗauka, mai katifu a bango. Na nuna mata hoton, na ɗaga hannu. Ta buɗe baki, wani ɗan siririn abu ya fito kamar an taka ɗan tsako. Muka sake, haka. Ankul Lim ya kashe fitila don ta tsorata, ta ce a kunna kar ta yi tuntuɓe. Ya je ya samo macijin roba ya jefa mata, ta ɗauka ta duba ta ce jikanta na da irinsa. Na ce, "Mak, ki tuna abin da ya tsorata ki a ranar."

Ta dube ni kamar na yi wauta. "Wa ya ce maka tsoro na ji? Darakta ya ce wa ke da murya, na ce ni. Ya ce yi ihu. Ni kuwa ihu ɗaya na iya, na korar tsuntsaye. A gonar shinkafar babana tun ina 'yar shida ni ke kora. In na yi daga wannan bakin, na can ƙarshen gona sai sun tashi. Shi na yi musu."

Jama'a, Ankul Lim sai da ya nemi kujera. Shekara hamsin ƙasa guda na firgita da korar tsuntsaye! Ya riƙe kai yana cewa, "Takalmina. Na bar takalmina saboda tsuntsaye." Ni kuwa dariya ta hana ni tsayuwa, ina jingine da ƙofata tana ta nishin tsoho.

Mak Timah ta ce, "A wannan akwatin naku ba zai fito ba. Wa zan kora a nan? Ku ba ni fili, ku ba ni tsuntsaye."

Ɗaukar murya a waje wahala ce: iska, motoci, jirgin ƙasa na MRT da ke wucewa a sama. Amma ba mu da zaɓi. Akwai filin ƙwallo a bayan benayensu. Ranar Lahadi da hantsi bai gama ɗagawa ba muka je, na kafa makirufo da hularsa mai gashi ta maganin iska, na auna lokacin da ke tsakanin jirgi da jirgi. Ita kuma ta zo da ragowar shinkafa a roba ta watsa a tsakiyar fili. Ba a jima ba hankaki suka sauko, baƙaƙe ƙirin, sun fi a ƙirga. Ta tsaya a bakin fili, ta gyara ɗankwali, ta ware ƙafa, ta sa hannu biyu a ƙugu. Jirgi ya wuce. Na ɗaga mata hannu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin ya taso daga ƙasa, ya hau, ya hau, ya karye a sama, ya ci gaba. Hankakin nan suka tashi lokaci guda kamar an yaye baƙin bargo. Karnuka suka ɗauka. Tagogi suka dinga buɗewa tun daga hawa na ɗaya har na sha biyar. Mai gadi ya taho a babur, wani mutum ya fito da tawul a ƙugu da tsintsiya a hannu. Ankul Lim yana zaune daɓas a ciyawa, fuskarsa ta yi fari, yana cewa, "Shi ne. Ah Su, shi ne!"

Na duba na'ura. Allura ta shige ja, sautin ya fashe. Laifina ne. Na saita na'urar daidai muryar tsohuwa, ga shi abin da ya fito ya fi ƙarfin lasifikar masallaci. Shekara talatin a sana'a, na yi kuskuren ɗan koyo. Na je na durƙusa gabanta na ce, "Mak, ki yafe ni, sai an sake."

Ta ce, "Boleh. Amma sai sun dawo."

Aka yi wa mai gadi bayani, shi kuma ya yi wa mai tawul, magana ta hau bene hawa-hawa. Minti arba'in muna jiran hankaki, kuma ku ji abin mamaki: unguwar nan gaba ɗaya ta yi tsit. Mutane cike da tagogi da baranda, ba mai tari. Wata mata ta ɗauke karenta ta shige ciki da shi. Mai gadi ya je bakin titi ya tsayar da babura. Ban taɓa samun situdiyo mai kyan wannan ba. Hankaki suka sauko ɗaya-ɗaya. Na ja makirufo baya taku goma, na rage na'ura. Jirgi ya wuce, na ɗaga hannu, ta saki. Allura ta tsaya daidai inda nake so. Na bar wutsiyar ta mutu a iska, na ƙirga uku, na sauke hannu. Sai benayen nan suka ɓarke da tafi.

Sauran aikin na kwana huɗu ne a kwamfuta. Na ɗaga muryar kaɗan don shekaru sun saukar da ita, na cire fukafukan hankaki, na dusashe ta ta yi daidai da tsohon tef. Sannan na ɗinka ta tsakanin daƙiƙar farko ta 'yar sha bakwai da wutsiyar ƙarshe. Na ɗora a kan bakin jarumar. Daƙiƙa tara cif, ban ƙara ba ban rage ba, har inda take karyewa ya faɗa daidai inda jarumar ta runtse ido. Na kira mutum biyar su nuna mini inda ɗinkin yake, ba wanda ya gano. Matar da kamfanin ya turo ta saurara ta zubar da kofinta. Ankul Lim ya ce mata sharaɗinmu ɗaya ne, sai an rubuta sunan mai ihun. Ta ce ba suna kaɗai ba, har hira za a yi da ita. Fim ya fito, aka yi ta magana a kansa, aiki ya dawo mana har muna mayar da wani. Mai wankin kaya ya nemi wani wurin.

Ranar da akwatunan suka iso na ɗauki ɗaya na kai mata. Ba ta da na'urar faifai, don haka na cicciɓi tawa. Gidanta hawa na tara, ɗaki biyu, da rana tsaka, labule a buɗe don ta ce ba za ta kalla a duhu ba. Jikokinta shida suka jeru a tabarma suna cika baki. Ita kuwa tun da aka fara tafiya a saman rufi ta rufe fuska da ɗankwali tana leƙe ta gefe, tana yi wa jarumar faɗa: "Kar ki hau! Ke wace irin yarinya ce, kar ki hau!" Jaruma ta hau, ta buɗe akwati, ihu ya tashi. Jikokin nan suka watse, biyu suka shige banɗaki, babban cikinsu mai gemu ya haye kujera. Mak Timah ta yi ta dariya har hawaye, tana nuna su tana cewa, "Tsuntsaye! Kun ga tsuntsaye!"

Sai sunaye suka fara hawa a allo. Na ce, "Mak, matso." Ta matso dab da talabijin, ta saka tabarau. Can ƙasa, a layi shi kaɗai, ga shi: muryar ihu, sunanta cikakke da na mahaifinta. Ta ɗora yatsa a gilashin tana bin sa yana hawa, har ya ɓace a sama.

Ta ce, "Sun rubuta sunan babana daidai."

Na ce daidai suka rubuta.

"Cik Misu, mayar."

Na ɗauka ihun take so, na mayar da shi can baya. Ta ce, "A'a, wannan na san shi. Sunan."

Sau huɗu na mayar mata. A na biyar ta kira jikokin, ta ce su fito daga banɗaki su zo su karanta da ƙarfi.